Tarihin Rayuwar Toscanini, Kashi na Huɗu: Shigarsa La Scala

A makon jiya mun tsaya a birnin Turin na Italiya, inda Arturo Toscanini, madugun makaɗa, ya jagoranci wasan farko na La Bohème, wata ofera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa), a 1896. Shekara biyu bayan nan aka damƙa masa ragamar kiɗa a La Scala, babban gidan ofera na Milan, yana ɗan shekara 31. Harkar kuɗi da gudanarwa kuwa tana hannun Giulio Gatti-Casazza.

Gidan da ya tarar, wanda aka buɗe tun 1778, rabinsa dandalin hira ne. Ɗakunan kallo da suka kewaye zauren hawa-hawa na manyan gidaje ne, gadonsu ake yi kamar gona. Fitilu a kunne har a tashi, ana gaisawa, ana leƙen wa ya zo da wa, mawaƙi kuma na can yana fama.

Toscanini ya sa a riƙa kashe fitilun zaure da zarar an ɗaga labule, ido ya koma kan dandamali dole. Ya hana mata zama a kujerun ƙasa da manyan huluna masu tare wa na baya. Daga baya aka haƙa wa makaɗa rami a gaban dandamali, domin muddin suna daidai da 'yan kallo, ƙarar ƙahoni da ganguna kan danne muryar mawaƙi, su kuma tare gani.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne maganar bis, wato 'yan kallo su yi ta ihu sai an maimaita waƙar da ta burge su. Illarsa biyu ce. Labari kan tsinke, mutumin da ke kuka yanzu ya dawo yana murmushi yana rusunawa. Sannan mawaƙin ya ƙona muryar da zai buƙata a babi na ƙarshe, ga shi babu lasifika, da maƙogwaro kawai zai cika zauren. Mutanen saman bene, masu tikiti mai araha amma kunne mai kaifi, ba su yarda ba.

A Afrilun 1903, ana tsakiyar ofera mai suna Un ballo in maschera, wadda Verdi ya tsara, suka nace sai mawaƙi Giovanni Zenatello ya maimaita. Toscanini ya ƙi, ya fice, bai ƙarasa wasan ba. Jirgin ruwa ya hau zuwa Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, La Scala ba ta sake samun sa ba sai 1906.

Mu haɗu mako mai zuwa.