Asabar, ni da tsohuwar Mauser

Tun da sassafe na zauna gaban teburin aiki, na rufe ƙofa, na kashe waya. Cika harsashi ba ya son hira. Kwanso 21 na harsashin bindigata, samfurin da ake kira 7x57, na jera don in sake cika su, duk na kamfani ɗaya, duk sau biyu aka taɓa harba su. Na auna tsawon kowanne, don tagulla tana miƙewa kaɗan-kaɗan da kowane harbi. Shida sun zarce ƙa'ida, na rage musu baki. Ɗaya kuwa na hango masa wani siririn zobe mai ƙyalli kusa da gindi, alamar ya kusa tsagewa. Shara na jefa shi, saura 20.

Bindigar ƙirar Mauser ce ta 1898, mai sakata, harsashinta ma ya girme ta, tun 1892 Paul Mauser ya fito da shi. Makonni ke nan ina fama da kan harsashi mai nauyin giren 140 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), yana ta warwatsuwa a allo, har na fara zargin tabaron saiti. Ashe matsalar a maƙogwaron bututu take, wato farkon bututun inda kan harsashi yake fara shiga. An yanka shi da tsawo ne saboda dogon kan nan mai giren 173 na asali, shi ya sa gajeren kai sai ya yi ɗan tsalle kafin ya kama tsagin da ke murɗa shi, a nan yakan karkace. Yau na koma giren 175.

Albarushi ɗaya bayan ɗaya na auna a sikeli. Na fara daga mafi ƙarancin abin da littafin ma'auni ya yarda, kowane kwanso biyar in ƙara ɗan kaɗan. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, amma bindiga tana jin bambancinsa. Kafin in ɗora kawunan sai da na haska tocila cikin kowane kwanso, na tabbatar babu wanda na tsallake.

Da la'asar iska ta kwanta. Mita 100, bindiga a kan buhun yashi. Bututunta siriri ne, yana saurin ɗaukar zafi, don haka bayan kowane harbi nakan buɗe sakata in jira har in iya riƙe shi da hannu. Biyar na farko sun ci faɗin tafin hannu. Na biyu, yatsu uku. Na uku ne ya sa na tashi na taka har gaban allon: ramuka biyar a dunƙule, santimita 3 daga gefe zuwa gefe. Na daɗe a tsaye ina kallo. Abin da nake nema ke nan, domin dabbar da zan ɗaga wa bindiga haƙƙinta ne ta faɗi da harbi ɗaya, kada ta shiga daji da rauni.

Rukuni na huɗu ban ƙarasa shi ba. A harbi na biyu sakata ta ɗan cije wajen ɗagawa, na juya kwanson na ga firaimar gindinsa, wato ɗan maɓallin da ke kunna albarushi, ta baje. Matsi ya yi yawa. Nan take na tsaya, ragowar ukun na ware su, gobe zan kwance su.

Yanzu na goge bututun, na rubuta komai a littafi har da yanayin iska. Asabar mai zuwa albarushin rukuni na uku zan maimaita, zurfin zaman kan harsashi kaɗai zan taɓa.