Daren da Muka Yada Zango a Tucumcari

Bayan la'asar muka baro Amarillo, ni da yayana da ke aiki a Texas, za mu Albuquerque. Muna ƙetarawa jihar New Mexico agogon waya ya ja baya da awa guda. Yaya ya ce, "Tunda an yi mana gyaran awa ɗaya, bari mu ratse ka ga wani abu." Sai muka sauka daga babban titin I-40 muka shiga Tucumcari ta tsohuwar hanyar Route 66.

Garin mutum 5,000 ne da 'yan kai, amma masaukan da suka jeru a bakin titi sun fi ƙarfin garin. Da yawa a rufe suke, ciyawa ta cinye farfajiyarsu. Ana cikin wannan kufai sai ga masaukin Blue Swallow, fitilunsa na ƙyalli, da hoton tsattsewa shuɗiya a saman allo.

Wani kafinta, W.A. Huggins, ya gina shi a 1939. Kusan kowane ɗaki da garejinsa manne da shi, tsukakke, don an yi shi ne daidai da motocin wancan zamani. Yaya ya leƙa, ya dubi jibgegiyar motarsa, ya bar ta a waje. A ɗakinmu akwai baƙar tarho irin wadda ake juya lamba da yatsa, kuma na ɗaga na ji tana aiki.

Amma labarin gidan na Lillian Redman ne. Tana yarinya iyayenta suka kawo ta New Mexico a keken doki. A 1958 Floyd Redman, wanda zai aure ta, ya saya mata masaukin a matsayin kyautar baiko. Su biyu suka riƙe shi har Floyd ya rasu a 1973, ita kuwa ta ci gaba ita kaɗai. Matafiyin da guzurinsa ya ƙare, takan karɓi wani abu daga kayansa a maimakon kuɗi, wani lokaci ma ta ba shi ɗaki kyauta. A gida da sai mu ce hannunta a sake yake.

Ana haka I-40 ta kewaye garin, motoci suka koma wucewa ta baya, a 1985 kuma aka soke Route 66 daga jerin manyan hanyoyin Amurka. Maƙwabta suka yi ta rufewa. Lillian ta ƙi gusawa, kuma a ganina taurin kan nan nata ne ya sa ginin ya kai 1993, shekarar da aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasar. Sai 1998 ta sayar, bayan shekara 40.

Tun daga nan ma'aurata ke ta miƙa wa ma'aurata. Baƙin ne suka sauya: waɗanda muka zauna da su a kujerun ƙarfe na ƙofar ɗaki da daddare Turawa ne masu babura, takanas suka zo don tsohuwar hanyar, kuma tun watanni suka kama ɗaki.