Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin da Muka Fara a Zangon Agege

A makon jiya na tsayar da labarin a daren da manhajar da na haɗa wa wata masana'anta a Ikeja ta riƙa tsallake ma'aunin zafin tukunyar tururi, har aka kira ni daga gida bayan sallar isha'i. Laifin nawa ne, kuma sai da na kwana biyu kafin na gano inda yake. Na yi aikin ne da LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986, kuma ba a rubuta mata umarni layi bayan layi kamar sauran harsunan kwamfuta. Akwatuna ake jerawa a kan allo, a ja waya daga wannan zuwa wancan, kuma babu akwatin da zai motsa sai duk bayanan da yake jira sun iso masa ta wayoyinsa. Ni kuwa na cusa karanta ma'auni da ajiye shi a faifai da amsa maɓallin ma'aikaci duk a cikin zagaye guda, wato jerin aikin da manhajar ke ta maimaitawa, saboda haka duk lokacin da faifan ya yi nawa, sai karatun ya tsaya jiransa.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne da muke sallah tare a Zango, wanda kowa ke kira Baba Injiniya saboda shekarun da ya shafe yana kula da injinan masana'antu. Da ya dubi zanen a kwamfutata bai ce uffan ba, sai washegari da sassafe ya ja ni gidan burodin bayan layinsu. Mai tanda yana fito da faranti yana ɗorawa a kan kantar gidan burodin, ya koma bakin wuta ba tare da ya waiwayi kowa ba, masu ɗauka kuma suna kwasa daga ɗaya gefen gwargwadon ƙarfinsu. Baba ya ce, "Ɗana, da mai tandan nan zai tsaya sai an ƙirga kuɗin kowane faranti, da burodin ciki ya ƙone. Raba zagayenka biyu, ka sa kanta a tsakani." Abin da masana ke kira tsarin mai samarwa da mai karɓa ke nan: zagaye ɗaya yana karantawa yana jefawa a layin jira, ɗayan yana cirewa yana ajiyewa. Ya kuma gargaɗe ni cewa idan mai karɓa ya fi mai samarwa nawa a kullum, layin zai yi ta tsawo har ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfutar.

A hanyarmu ta komawa na ce, "Baba, me ya sa ba a rubuta irin wannan da Hausa ba?" Ya amsa da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan na yarda zan yi zanen, shi zai kawo abin da ya gani a wurin aiki. Ta uku ita ce 'yar ƙaninsa, malamar da ke koya wa yara Scratch a Idi-Araba, wato manhajar da jami'ar MIT ta fitar a 2007 inda ake harhaɗa umarni kamar tubala. Muka tsayar da Asabar bayan la'asar, a zauren Baba, da janareta a ƙofa.

Zama uku na farko duk a kan kalma ɗaya suka ƙare. Ra'ayin tattara dabarun da ake maimaitawa ya samo asali ne daga magina, domin wani masanin gine-gine, Christopher Alexander, shi ya tsara guda 253 a 1977, sannan a 1994 wasu mutum huɗu suka fitar da guda 23 don masu rubuta manhaja. To, da wane suna za mu kira abin? Na kawo "samfuri", Malama ta ce samfuri kwafarsa ake yi yadda yake, alhali wannan abu ne da kowa zai gyara daidai da bukatarsa. Baba ya kawo "salo", na ga kamar ya fi kusa da ado. Daga ƙarshe Malama ta tuna mana "zubi", kamar yadda malaman adabi ke cewa zubi da tsarin waƙa, inda ma'auni ɗaya ne amma baitoci sun bambanta. Har gobe ina ganin wannan ce shawara mafi kyau da aka yanke a zauren nan.

Sai muka kafa doka: ba za a shigar da zubi a littafin ba sai mun gan shi yana aiki a wurare uku daban-daban. Dokar ta fara cin babin da na fi so, wata dabara da na ƙirƙira da kaina kuma na gwada sau ɗaya tak. Na ji zafin abin, na yi gardama har aka kira magariba, amma gaskiyarsu ce. Zubin matakai kuwa ya wuce ba musu, wato wanda injin ke zama a mataki guda, kamar jira ko cikawa ko rufewa ko ƙararrawa, kuma kowane mataki shi ke faɗin wanda zai biyo baya. Baba ya gan shi a injin cika kwalba, ni a tukunyar tururi, Malama a wasan fitilar hanya da ɗalibanta suka haɗa.

Wahalar da ba mu hango ba ita ce ta aiki tare a kan zane. Idan mutum biyu suka gyara rubutu, ana iya jera shafukan a ga layin da kowa ya taɓa, amma fayil ɗin LabVIEW ba rubutu ba ne, sai da manhaja ta musamman ake kwatanta biyu, kuma haɗe su aiki ne mai cin rai. Wata Asabar na iske ni da Malama mun gyara zane ɗaya, kowa ta fuskarsa, aikin mako guda ya tashi a banza. Daga ranar Baba ya rataya allo a bango, aka rubuta kowane babi da sunan wanda zanen ke hannunsa, kuma ba mai taɓawa sai an goge sunan.

Da babi huɗu suka kammala, na ɗauki ɗaya zuwa Shomolu, unguwar masu ɗab'i, don a buga mana gwaji. Kuɗinmu bai kai na launi ba, aka buga baƙi da fari. Tun a cikin motar danfo na buɗe takardun gabana ya faɗi, domin a LabVIEW launin waya shi ke nuna irin bayanin da take ɗauke da shi: shuɗiya cikakkiyar lamba, ruwan lemo lamba mai ɗigo, koriya e ko a'a, ruwan hoda kuma rubutu. A takardar duk sun koma toka-toka. Na shimfiɗa su a tabarmar zaure, Baba ya sa tabarau ya daɗe yana bin waya ɗaya da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Malama, kawo fensir, kowace waya sai mun rubuta mata suna a kanta." Zane talatin da ɗaya ne, kuma a daren muka fara da na gidan burodi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka ba wani ɗalibi daga Yaba babin farko ya gwada shi kaɗai, da abin da ya dawo mana da shi.