Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Xender Ya Kutsa Cikin Bincikena

A makon jiya na tsaya ne a inda kwamitin sashe ya amince da furofozal ɗina na digirin digirgir, bayan sun yi wa taken aski son ransu. Masu turo min saƙo suna tambayar abin da ya kai malamin lissafi tsangayar ilimi, ga amsarku a wannan kashin.

Abin ya samo asali ne tun 2020. A watan Maris na shekarar aka rufe makarantu saboda korona, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami’o’i ta ASUU ta tafi yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Kano kanta an kulle ta a Afrilu. Gwamnatin Tarayya ta ce a koma karatu ta intanet, kowa ya kama zancen Zoom, har waɗanda sun shekara ba su buɗe imel ɗinsu ba. Ni dai a ganina fafe gora ake yi ranar tafiya. Amma zaman gidan ya sa na yi karatu sosai, kuma a ciki na ci karo da binciken da Scott Freeman da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2014. Sun tattara nazarce-nazarce 225 a kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka gano cewa inda malami ke zuba lakca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa, inda kuwa ake sa ɗalibai aiki da hannunsu a aji, kusan kashi 22 ne. Na daɗe ina jujjuya wannan adadi a raina, domin na san yawan ’yan aji ɗaya da ke ɗaukar kari-oba a lissafi kowace shekara, kuma na san yadda muke koyar da su: ɗaruruwan yara a babban ɗakin lakca, malami ya ba su ƙeya yana cika allo, na baya ko rubutun ba sa gani.

Matsalar ita ce lokaci. In ka ce ɗalibai su yi aiki a aji, yaushe za ka yi bayani? A nan gaurayayyar koyarwa ta shigo, wato a raba karatu gida biyu, wani ta intanet, wani gaba da gaba. Garrison da Kanuka sun yi rubutu a kanta a Kanada tun 2004, sannan wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu a Kolorado, Bergmann da Sams, suka fara naɗar darasinsu a bidiyo a 2007, ɗalibi ya kalla a gida, ya zo aji a yi jinga tare. Tambayata ita ce ko wannan zai yi aiki a Kano.

Tsarin binciken irin wanda kowane ɗalibin ilimi ya sani ne. Rukuni biyu na ’yan shekarar farko, a yi musu gwaji iri ɗaya a farkon zango, rukunin farko a koyar da su da bidiyo da aikin aji, na biyu a yi musu lakca yadda aka saba, a ƙarshen zango a sake gwada su a kwatanta. Na zaɓi sassa biyu da ba sa haɗuwa a lakca, ranakunsu ma daban. Ina shirin farawa a 2022 aka sake tafiya yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a dawo ba sai tsakiyar Oktoba. Wannan wata takwas ɗin da su na naɗi bidiyoyina.

A falonmu na Ɗorayi nake naɗa. Littattafai nake jerawa tsibi biyu, in ɗora rula biyu a kai, in kifa wayar tana kallon farar takarda, hannuna da biro kawai ake gani. Da daddare ba ta yiwuwa saboda ƙarar janareton unguwa, sai na koma bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi. A wasu bidiyoyin har yanzu za ka ji zakaran maƙwabcinmu. Uwargida ce mai tacewa. Ita ba ta yi lissafi mai zurfi ba, don haka duk inda ta ce “a nan ka yi sauri”, sakewa nake yi ba gardama. Kowane bidiyo ba ya wuce minti biyar zuwa shida, kuma ina matse shi har sai ya zama bai fi hoto biyu ko uku nauyi ba.

Da aka dawo, na ɗora komai a Moodle kamar yadda na rubuta a furofozal. Manhajar koyarwa ta intanet ce mai kyau kuma kyauta, tana nuna maka wanda ya shiga da abin da ya kalla, abin da mai bincike ke so ke nan. Sai dai ɗalibaina ba su je can ba. Wannan ya manta lambar sirri, wancan wayarsa ba ta buɗe shafin, da yawa kuma data ce ta gagara. Kilas-ref ɗinsu ya same ni a ofis ya ce, “Malam, don Allah a WhatsApp za ka riƙa turo min, sauran aikin nawa ne.” Haka aka yi.

Abin da ya canja a aji shi ne na fara ganin takardun ɗalibai tun kafin ranar jarrabawa. Nakan ba su tambaya, su zauna uku-uku ko huɗu-huɗu, ni kuma ina zagayawa tsakanin benci. A makon farko na ba su (x + 3)² su warware. Na bi layi guda, na tarar fiye da yadda nake zato sun rubuta x² + 9. Yaran nan duk sun ci lissafi a WAEC ko NECO, in ba haka ba da ba su zo nan ba. Shekara da shekaru ina ganin wannan kuskure a takardar jarrabawa ina jan jan biro, ban taɓa samun damar tsayawa a kan mai yin sa yana cikin yi ba. Na kira wani ya fito allo, na ce ya zana min fili murabba’i, kowane gefe x da ƙarin taku uku. Ya zana. Na ce ya yanka min x² ɗinsa da 9 ɗinsa. Ya yanka babban murabba’i a kusurwa ɗaya, ƙarami a ɗaya kusurwar, sai ga dogayen yankuna biyu sun yi saura, kowanne 3x. Na ce, “Waɗannan fa, wa ka bar wa?” Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, “Dillali ya cinye, Malam!” Aji ya fashe da dariya. Da zane irin wannan Alkhawarizmi ya yi bayanin aljabara a Bagadaza tun ƙarni na 9, mu ne muka yar da shi muka kama hadda. Da na koma gida na naɗi zanen a bidiyo na tura.

Akwai wata ɗaliba matar aure da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Wayarta ƙarama ce, babbar tana hannun maigidan, shi kuma yana Kantin Kwari sai bayan Magariba. Da dare take kallo, ta turo tambaya da saƙon murya da Hausa. Ta ce min, “Malam, a aji kunya nake ji in ce ban gane ba. Shi kuwa bidiyo ko sau nawa na maimaita ba ya harara ta.” Darasin da Turanci nake yi saboda akwai Yarabawa da Ibo da Igbira a ajin, amma duk wanda ya tambaye ni da Hausa, da Hausa nake amsa masa.

Ana tsakiyar zango, ina lakca wa rukuni na biyu, waɗanda bai kamata su san da wani bidiyo ba, na rubuta wata tambaya a allo. Wani yaro a gaba ya ce, “Malam, wannan ai irin na filin nan ne da dillali ya cinye.” Alli ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na tambaye shi a ina ya ji, ya ce ɗan ɗakinsu ne ya tura masa ta Xender. Na ce duk wanda ya taɓa kallon bidiyona ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko’ina. Ashe ana ta turawa a hostel, a harabar masallaci bayan Azahar, a cikin adaidaita sahu. Har mai cajin waya na bakin get yana da su a kwamfutarsa, cikin jerin wa’azi da finafinan da yake tura wa mutane. Ba a buƙatar data, waya biyu ne kawai su kusanci juna.

Ga wanda bai san harkar bincike ba, wannan babbar ɓarna ce. Gaba ɗaya tsarin ya dogara ne a kan cewa rukuni ɗaya ya samu, ɗaya bai samu ba. In duka sun samu, me za ka kwatanta?

Washegari na tafi wajen sufabaizana. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Na zayyana masa komai, na ce, “Ranka ya daɗe, ko dai in daina tura bidiyon, in sa wa na Moodle makulli?” Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, “Wato yara sun nemi ilimi da kansu, kai kuma kana neman hanyar hana su don jadawalin sakamakonka na babi na huɗu ya yi kyau?” Na yi shiru. Ya ce in bar su, amma in ƙara tambayoyi a takardar bincike: wa ya kalla, guda nawa, daga hannun wa ya samu, shi kaɗai ko da wasu. Ya ce kuma in zauna da wasu daga cikinsu in yi hira da su, in rubuta abin da ya faru yadda ya faru a babi na uku, inda ake bayanin yadda aka gudanar da bincike.

Hirarrakin nan su suka fi komai amfani a aikin. Rubuce-rubucen da na karanta na ƙasashen waje kusan duk sun ɗauka cewa ɗalibi yana zaune shi kaɗai a gaban kwamfutarsa, intanet ba ya yankewa. Namu ba haka suke karatu ba. Mutum huɗu ne a kan waya ɗaya, a tsayar da bidiyo a yi musu, wanda ya fara ganewa ya zama malamin sauran. Moodle bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. In da alƙalumansa na bi, da na rubuta cewa ɗalibai ba su damu da bidiyo ba. Shi ya sa har yau in na ga takarda a mujallunmu an gwada wata sabuwar hanyar koyarwa, rukuni biyu a makaranta ɗaya, kuma sakamako ya fito tas babu ko tangarɗa, nakan so in tambayi marubucin ko ya taɓa leƙa hostel.

Saura gwajin ƙarshe. Na sa shi a farkon 2023, sai ga canjin kuɗi. Takardar naira ta yi ɓatan dabo, ɗalibai daga Kurna da Hotoro suna rasa tsabar da za su ba mai adaidaita, wasu a ƙafa suke zuwa, wasu ba sa zuwa. Ana cikin haka Hukumar Kula da Jami’o’i ta ce a rufe dukkan jami’o’i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. Takardun gwajin da na riga na buga suka zauna a durowar ofis, ɗalibai suka watse garuruwansu, kilas-ref kuma yana ta kira wai ’yan rukuni na biyu sun ce tunda asiri ya tonu a sa su a guruf kawai.

Yadda aka yi gwajin bayan an dawo, da artabun da muka yi da mai jarrabawa na waje a kan babi na uku, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.