Juma'a tsakanin Edfu da Kom Ombo

Ko sallar asuba ba mu gama shafa addu'arta ba wayar ɗakina a jirgin ruwan da muke yawo da shi a kogin Nilu na Masar ta hau ƙara, wai a fito, za a je garin Edfu kafin rana ta yi zafi. Hutu ake ce masa, amma ko ranar aiki ba na tashi da irin wannan gaggawar. Kafin mu taka tudu kuma sai da muka ratsa ta cikin wasu jiragen, don a jere ake ɗaure su gefe da gefe, ka shiga ta ƙofar wannan ka ɓulla ta waccan. Tagar ɗakina da aka ce tana kallon Nilu, daren jiya labulen wani Bature ta kwana tana kallo, hayaƙin injin maƙwabta kuwa har cikin maƙogwaro.

Keken doki ya kai mu. Dokin da ya ja namu duk haƙarƙari a waje, Baba bai ce uffan ba, bin sa kawai yake da ido, kun dai san shi da dawaki. Ginin da muka je gani, tsohon gidan bautar gumaka na Edfu, kam ba a magana. An ɗora harsashinsa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a gama ba sai 57, shekara 180 ke nan ana abu ɗaya. Daga baya yashi ya binne shi, mutane suka yi gidaje a kansa, abin da ya tsare shi ke nan, kuma rufin ciki har yau baƙi ƙirin da hayaƙi. Ina tsaye gaban gunkin shaho na dutse da ke bakin ƙofa, ban ko gama ƙare masa kallo ba, jagora ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce saura minti goma. Yaya ya samu hotonsa, shi dama buƙatarsa ke nan.

Da hantsi jirgi ya tashi, muka hau sama. Gaskiya wannan ne abin da na biya kuɗi dominsa. Ba haɗa akwati, ba cinikin mota, ba neman masauki, kana kishingiɗe ƙasa na wucewa ta gabanka. Dabino, gonakin rake, ɓauna a bakin ruwa, yara na ɗago hannu suna ihu, kuma daga bayan koren nan kaɗan sai yashi da duwatsu kawai, kamar an ja layi. Aka kawo zoɓo mai sanyi. Baba ya miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a kan kujera, iska na kaɗa masa rawani. Na ce a raina Alhamdulillahi, tun da muka bar asibiti a Alƙahira ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Can sai huɗuba ta fara tasowa daga gaɓa. Ba masallaci ɗaya ba, gabas da yamma, kafin muryar wannan liman ta ɓace ta wani ta karɓa. Muna hango maza cikin jallabiyoyi suna sauri, wani yaro na biye da babansa riƙe da darduma.

"Uwata, yau ba Juma'a ba ce?"

"Juma'a ce, Baba."

"To a je a gaya wa direba ya raɓa da mu gefe."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Haka na sauka na sami saurayin da ke wurin karɓar baƙi. Ya saurare ni da ladabi, ya dafa ƙirji, ya ce Hajja, jirgi ba ya tsayawa sai Kom Ombo, akwai jirage a gabanmu da bayanmu, wanda ya makara ya rasa wurin ɗaurewa. Na hawo ina tsara yadda zan faɗa.

"Baba, sun ce babu dama. Amma ai matafiya ne mu, Juma'a ba ta hau kanku ba."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Yanzu ni za ki karanta wa hukuncin matafiyi? Wanda aka yi wa rangwame, hanya ce ta wahalar da shi. Ni wace wahala na sha? Tun safe ci nake ina kwance. Ga masallaci can, da zan yi jifa sai ya faɗa harabarsa." Ya yi shiru, ya kurɓi zoɓo, sannan ya ce, "Gidan yari ne dai mai daɗin abinci."

Yaya ya tuntsire da dariya. Ni kuwa maganar nan ta tsaya min a ƙahon zuci. Wasu cikinku sun san tun yaushe nake tara kuɗin tafiyar nan, da abin da na haƙura da shi. So nake mutumin nan da bai taɓa sanin hutu ba ya zauna sau ɗaya a yi masa hidima. Na zaɓi jirgi ne saboda gwiwarsa, don kada ya yi ta hawa da sauka. Ga shi ya zauna ɗin, kuma zaman ne ya dame shi. Na san ba da nufin ɓata min rai ya faɗa ba, Baba in abu ya zo bakinsa ba ya tauna shi. Duk da haka abincin rana da aka jera, kifi da shinkafa da kayan zaƙi kala-kala, cokali biyu na yi na ture.

Da na waiga babu shi a kujerarsa. Ɗaki babu, wurin cin abinci babu. Hankalina ya tashi, mutum da sanda a cikin jirgi mai matattakala ko'ina. Wani mai gyaran ɗaki ne ya yafito ni, ya nuna min wata ƙofa da aka rubuta ta ma'aikata ce kaɗai. Can ƙarshen jirgi, bayan kicin, inda ƙarar inji ke girgiza ƙasa, na tarar da su sun idar da azahar a kan tabarma da kwalaye. Wani mai dafa abinci ne ya ja su, da hularsa ta aiki a aljihu. Ni tun da muka shigo nake fama da waya wajen neman alƙibla, kogi na lanƙwasa allura na juyawa. Su ko dubawa ba sa yi, in jirgi ya nufi kudu sun san tana wajen hagu.

Baba na zaune a kan wani bokiti da aka kife, da ɗan kofin gilashi na baƙin shayi a hannu, yana zuba musu Larabcin littafi suna mayar masa da na Masar, rabi ana ganewa rabi ana dariya. Ya gan ni ya ce, "Uwata, zo ki ji. Wannan yaron ƙauyensu muka wuce ɗazu. Kowane mako yana hango rufin gidansu daga nan, zuwa da dawowa, ba ya iya sauka." Saurayin ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa, ya ce sai lokacin zafi in baƙi sun ragu. Na rasa abin cewa. Na koma sama na zauna kusa da wurin iyo, inda wasu ke shanya jikinsu a rana, ƙauyukan na ci gaba da wucewa, amma ɗaga wa yaran hannu ya fita raina.

Kom Ombo da yamma. Nan ma tsohon gidan bauta ne, gini ɗaya an raba shi biyu, ɓangare guda na gunkin kada. Akwai ɗakin da aka jera busassun kadoji a bayan gilashi, na leƙa na fito. Jagora ya ce tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 kadojin sai can kudu da ita. Ya nuna mana zanen kayan aikin likita a jikin bango, Baba ya daɗe a wurin yana shafa gwiwa.

Da dare wai bikin jallabiya, kowa ya sayo ta kanti ya saka ana ta tafi. Baba ya sauko cin abinci da babbar rigarsa ta kullum, wata tsohuwar Baturiya ta tare shi tana tambaya a wane shago ya samo tasa, ta fi ta kowa kyau. Yaya ya fassara masa. Ya ce a gaya mata ta zo Kano.

Na dawo ɗaki na tarar an naɗe tawul an yi kada da shi a kan gado, har da tabarauna a hancinsa, gefe kuma takardar kuɗin ruwan sha, don shi ba ya cikin abin da aka biya. Ga ambulan ɗin da ake saka wa ma'aikata ihsani ranar sauka. Baba ya aiko Yaya wai a ninka abin da muka yi niyya, kuma a cire daga kuɗin tsarabarsa. Gobe Aswan, an ce ƙarfe bakwai a shirya. Ya kuma ce kada in tashe shi karin kumallo, an riga an gayyace shi cin wake can bayan kicin.