Saƙon Tau Beta Pi da na goge a shekara ta uku

Har yau in na tuna saƙon nan sai raina ya sosu. Ina shekara ta uku a fannin injiniyan lantarki a wata jami'a a Amurka aka aiko mini da gayyatar shiga Tau Beta Pi, ƙungiyar karrama ɗaliban injiniya masu hazaƙa. Wanda ya yi karatu a can ya san yadda ƙungiyoyi masu sunan haruffan Girka ke damun ɗalibi da imel, a yabe ka sama da ƙasa, ƙarshe a ce turo kuɗi. Na ɗauka duk kanwar ja ce, na goge.

Ashe wannan daban take. Tun 1885 aka kafa ta a Jami'ar Lehigh, hedikwatarta tana Knoxville a jihar Tennessee, kuma maki ne ke jawo gayyatarta. A shekara ta uku sai kana cikin kashi ɗaya bisa takwas na sama a ajinku, a ta huɗu kashi ɗaya bisa biyar. Da na duba jerin ACHS, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan ƙungiyoyi, da na ga sunanta cikin minti biyu. Ban duba ba.

Abin da ya fi ci mini rai tallafin karatunsu ne, dala 2,000 don shekarar ƙarshe. Dole sai kana mamba tun a shekara ta uku za ka iya nema. Ni kuwa sai a ta huɗu na shiga, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ban ce da na nema lallai zan samu ba, gasa ce. Amma ɗalibi mai bizar karatu ta F-1, wanda doka ta taƙaita wa aikin cikin makaranta zuwa awa 20 a mako, ya san nauyin dala 2,000.

Wahalar shiga a zango ɗaya ta taru. Kuɗi sau ɗaya ake biya, ba na shekara-shekara ba. Akwai ganawa da tsofaffin mambobi don a auna halinka, akwai awannin aikin sa-kai, wanda reshen ƙungiyar na kowace jami'a ke yanka nasa. Ni koyar da 'yan shekarar farko lissafi na zaɓa, shi ya fi sauƙin haɗawa da karatu. Sai bikin rantsarwa, wanda dole ka je da ƙafarka; in ka rasa shi ba ka zama mamba ba, ko da ka gama komai. Rubuta ranar tun makon farko.

Reshenmu yana cikin masu ba sabon shiga tambarin ƙungiyar na tagulla, da kaushinsa kamar yadda ya fito daga zubi, a ce ka goge shi ya yi ƙyalli. Fara da magagari ka cire tudun zubin, sannan samfefa lamba 220, 400, 600, 1000, har 2000, kana jiƙa ta daga 600. Duk lambar da ka sauya, juya hannu ka gitta layin baya, kada ka matsa sai tsohon layin ya ɓace. Wanda ya yi tsalle daga 220 zuwa 1000, da ya shafa Brasso, man goge tagulla, ƙarcen zai fito ɓaro-ɓaro, sai ya koma farko. Raba aikin kwana uku ko huɗu.

Bayan rantsarwa, yawan lokacin da za ka ba su yana hannunka. Muƙami ne mai cin lokaci, kuma ban ga hikimar ɗaukar sa a shekarar babban aikin kammalawa ba. Amfanin da na gani da idona shi ne zaman da reshe ke shirya wa mambobi da kamfanoni, ɗaki ɗaya mutum talatin maimakon dogon layi, da kuma mai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki ya ga sunan a takardarka ya ce shi ma mamba ne. Mai niyyar digiri na biyu kuma akwai tallafin dala 10,000 da zai iya nema. In gida Najeriya za ka dawo kai tsaye, rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, za a tambaye ka, da wuya ka haɗu da wanda ya san Tau Beta Pi.

Wani ƙanena yana shekara ta biyu a can yanzu. Na sa shi ya tura mini duk gayyatar da ta shigo masa kafin ya taɓa ta.