Rahoton masu tarin fuka ta kwamfuta: abin da ya sa nake goyon baya

Jama'a duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cike babban littafin rajistar masu tarin fuka da biro zai gane abin da nake nufi. Suna, shekaru, sakamakon gwajin majina, ranar fara magani, duk da hannu, sai an yi wata uku a zauna a ƙirga a tura sama, kafin alƙaluman su isa hannun hukuma wallahi wani mara lafiyan ya daina shan magani tuntuni ba wanda ya lura, alhali maganin nan wata 6 ake sha ba fashi.

Shi ya sa tsarin nan na kwamfuta ya kwanta min a rai. Irin su manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 da jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, ko Nikshay da Indiya ta fara a 2012. Ana shigar da mutum yau hukuma ta gani yau. Injin gwajin majina na GeneXpert ma da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta amince da shi a 2010, cikin kamar awa 2 yake fitar da sakamako har ya nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa maganin rifampicin, in an jona shi da intanet sai saƙo ya tafi kai tsaye.

WHO ta ce a 2023 kusan mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya, miliyan 8.2 kawai aka kai rahotonsu. Sauran fa? Wasu ba a gano su ba suna nan suna tari cikin iyalansu, wasu kuma an gano su amma ba a kai rahotonsu ba.

Abin da ke damuna dai asibitoci masu zaman kansu, da yawa ba sa tura komai, ga matsalar wuta da netwok, ga ma'aikaci ɗaya ya cike takarda kuma ya koma ya cike kwamfuta. Sannan sirrin mara lafiya, don tsangwama tana nan, dole a san waye ke da ikon buɗe sunayen nan.